Wasiƙa Zuwa Ga Duba-gari: Kifin Da Ƙuda Ke Gudu

Unguwar Yelwa,
Mubi, Jihar Adamawa.

Ranka ya daɗe Malam Duba-gari,

Ina roƙon ka ba ni aron kunnenka. Ba da wani ma'aikaci nake ba, na yanzu ko wanda ya yi ritaya. Da kujerar nake, wadda ta girmi duk wanda ya taɓa zama a kanta, ta girmi ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, ta girmi jihar Adamawa da ta Gongola da aka yi kafin ta. Maganar kifi ce ta kawo ni: bandar da ake kasawa a tire a bakin layukan Yelwa, da wadda ake saukewa kwali-kwali a babbar kasuwa.

Tsofaffin unguwar nan har yau in aka ambace ka sai sun gyara zama. Suna tuna kakinka, da ludayin da kake zurawa cikin randa ka ɗaga shi a rana kana neman tsutsar sauro. Yaro ya sheƙo da gudu ya ce ga duba-gari nan ya shigo layi, mata su hau shara, a rufe masai, a kwashe kwatami. Mahauci ba ya rataye nama sai ka duba huhu da hanta. Abin da ka ce a binne kuwa binne shi ake yi, wani lokaci a tuttula masa kananzir a gaban mai shi don kada a tono da dare. Ba duka labarin ne mai daɗi ba, don an sha tara a hannunka, kuma sukan yi dariya su ce ba kowane sule ne ya isa baitulmalin En'e ba. Amma dai ana shakkar ka, kuma ruɓaɓɓen abu ba ya kwana a kasuwa.

Ikon nan daga Dokar Lafiyar Jama'a ta 1917 ya samo asali, sannan a 1932 aka buɗe Makarantar Tsafta ta Kano don horar da 'ya'yanka na Arewa. Mubi ba ta cikin Najeriya a lokacin. Daga hannun Jamus ta faɗa hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, ana mulkinta haɗe da Lardin Adamawa, har zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 da shigarmu Najeriya ranar 1 ga Yuni na shekarar, aka yi Lardin Sardauna da hedkwata a nan. Ka ga ke nan dokokinka sun riga tutar Najeriya isowa garin nan. Shi ya sa nake yi maka magana irin ta ɗa da uba, ba don na fi ka sanin aikinka ba.

Kogin Yedzaram da ya ratsa mu ba ya ciyar da mu da kifi. Da rani ma yashi ya fi ruwa yawa a cikinsa. Kifin miyarmu baƙo ne. Wani daga Binuwai yake zuwa, ta Yola da Numan, wani daga madatsar Kiri, wani ya tsallako iyaka daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Uwa-uba kuma Tafkin Chadi, wanda bandarsa ta tarwaɗa da bargi da ƙarfasa ke bi ta Baga zuwa Maiduguri kafin ta watsu a ƙasa. A zamanin zaman lafiya mota kan biyo ta Bama da Gwoza da Madagali da Michika ta iso mana. Da fitina ta zo, aka kai wa Baga mummunan hari a Janairun 2015, sojoji suka hana fataucin kifin tafki har da ƙona motocin da suka kama, hanyar Gwoza ta shafe shekaru ba ta biyuwa, sai kaya suka koma zagayawa ta Biu da Gombi da Hong, ko su yi ta jira a ɗakin ajiya har hanya ta buɗe. Mu kanmu nan Mubi fitinar ta iso mana a ƙarshen Oktoban 2014. Duk kwanan da aka ƙara wa kwalin kifi a hanya kuwa, ƙwaro aka ƙara wa.

Ka san yadda abin yake. Tun kifi na ɗanye koren ƙuda ke saka ƙwai a matsensa da cikinsa, in hayaƙi bai ratsa shi ba tsutsa ta fito. In ya bushe kuma sai wani baƙin ƙwaro ɗan ƙarami ya karɓi aiki, shi da 'ya'yansa masu gashi-gashi, su cinye tsoka ta ciki su bar fata da ƙaya. Uwargida ta ɗauki gutsuren banda a tire, ta ɓare shi, ta ƙwanƙwasa a gefen tiren, sai gari ya zubo, ƙwari biyu ko uku su fito suna gudu. Nan take kuɗinsa ya faɗi. Falken da ya zuba jarinsa kaf a cikin kwalaye, ya biya kuɗin mota, ya biya a kowane shinge, yana kallon dukiyarsa na komawa gari, shi ne mutumin da ke miƙa hannu ga kwalbar maganin ƙwari. Da can Gamalin ne, maganin da aka shigo da shi don gonakin koko, wanda wasu masunta ma kan zuba a ruwa kifi ya taso matacce. Yanzu kuwa Sniper ne da 'yan'uwansa, da fiya-fiyar da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ana sayarwa a bakin titi. A sirka da ruwa a yayyafa wa kifin, ko a jiƙa kwalin, a ɗaure da igiya. Ban kawo wannan don in wanke shi ba. Na kawo ne don wanda bai san abin da ya kai mutum ga laifi ba, ba zai iya hana laifin ba.

To, ranka ya daɗe, a nan gizo ke saƙa. Kayan aikinka na gado ido ne da hanci. Su suka yi maka aiki shekara ɗari, don algus na da can yana tona kansa: ruɓaɓɓen kifi yana wari, naman mushe yana sauya launi, nonon da aka sirka da ruwa yana tsinkewa. Algus na yanzu kuwa gyara kaya yake yi. Kifin da aka fesa wa guba ya fi kowanne kyan gani a kasuwa. Ba gari, ba tsutsa, yana ƙyalli, ƙuda ba ya kusantar sa. Na kusa da shi, na baiwar Allah da ba ta zuba komai ba, shi ne ƙudaje ke yi wa rubdugu, tana ta kora da mafici. In ka shigo kasuwa da idonka na 1932, ita za ka kama, ka wuce mai gubar har ka yaba masa tsafta. Mata sun riga ka gano wannan. Sau da yawa za ka ji wata na ce wa 'yar aikenta, "Ki duba wanda ƙuda ke sauka a kai, shi za ki sayo." Garin da uwa ke aika 'yarta neman ƙuda don ta tsira da lafiyar gidanta, ai ka san aikin hukuma ya koma hannun ƙuda. Kuma ko shi ba shaida ba ne da za a dogara da shi, don bayan kwanaki ƙarfin warin maganin kan tafi, ƙuda ya dawo, saura kuwa na nan a cikin tsoka.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa lokacin da ake kwance irin wannan kwali ya san shi. Wani wari ne ke fara bugo ka kafin ƙamshin hayaƙi, mai kama da na kananzir, ido ya ɗan yi yaji, a ƙasan kwalin kuma ga matattun ƙwari birjik. Yaran da ke sauke kayan da hannu suke kwasa, su goge gumi da hannun, su ci rogo da shi.

Sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya sunansa dikulobos. Aikinsa a jikin ƙwaro da na mutum ɗaya ne: yana hana jijiyoyi hutawa bayan sun isar da saƙo. In ya yi yawa sai yawu ya dinga dalala, gumi ya karyo, ga amai da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. In kaɗan ne kuwa, ciwon kai ne da murɗawar ciki da jiri, a ce shawara ce ko taifot, a sayo magani a kemis, ba wanda zai tuna da miyar yakuwa ta daren jiya. Na cikin Gamalin, wato lindan, ya fi naci. Ba ya saurin lalacewa, yana taruwa a kitsen jiki, yana sa farfaɗiya in ya yi yawa, kuma a 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Wanke kifi da ruwan zafi da gishiri, kamar yadda kowace uwargida ke yi, yana rage na bisa fata. Wanda ya shige cikin mai da tsoka, tukunya ba ta da tabbacin fitar da shi.

Mun ga aikin irin waɗannan magunguna a maƙwabta. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na makarantar sakandaren gwamnati ta Doma a Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake, awo kuma ya nuna lindan. A shekarar ce hukumar NAFDAC ta haramta magungunan gona 30, har da shi. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda dikulobos da ake samu a ciki ya ninka abin da dokarsu ta yarda da shi sau da yawa. A 2018 Amurka ta dakatar da shigar tarwaɗarmu, har da mai hayaƙi, don mun kasa gabatar da takardun da ke nuna muna da tsarin duba kifi daidai da nasu. Abin lura, wake ne aka kama saboda ana ci a taro ɗaya, ko ana auna shi a tashar jirgin ruwan wasu. Kifi kuwa gutsure-gutsure yake shiga gidaje, na ɗari biyar nan, na dubu can, ba ya kayar da mutum ɗari a wuri guda balle a yi labari.

Doka kam ba mu rasa ta ba, sai dai a ce ta yi mana yawa. Kundin Final Kod na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sa algus a abinci da sayar da abinci mai cutarwa cikin laifuffuka. Dokar Abinci da Magunguna ta 1974 ta hana sayar da duk abincin da ke ɗauke da guba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana kamu da guba ko nakiya ko lantarki, da hukuncin ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 3,000, kuɗin da yau ba zai sayi tarwaɗa biyu masu kyau ba. A 1993 aka kafa NAFDAC. Dokar 1999 kan jabun magunguna da gurɓataccen abincin da aka sarrafa ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15. A 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Ka zaga ka gani ko sun ɓace.

NAFDAC ta yi aiki, musamman zamanin marigayiya Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008, ba mai musun wannan. Amma ƙarfinta a kan abin da ke da kwali da lamba da adireshin kamfani yake. Banda ba ta da lamba. Ba ta da ranar lalacewa, ba ta da sunan wanda ya yi ta. Ofishin hukumar na jiha yana Yola, tafiyar kusan kilomita 200 daga nan. Tsarin Mulki na 1999 kuwa, a jadawalinsa na huɗu, ƙananan hukumomi ya damƙa wa kasuwanni da mayanka da wuraren sayar da abinci. Wato duk tulin dokokin nan, ƙafar da za ta kai su gaban tire taka ce. In ba ka je ba, ba mai zuwa.

Bari in ɗan fita da kai waje, don wasu sun riga mu shiga wannan rami. A Landan, ƙungiyar masu sayar da kifi ta samu izinin sarki a 1604 na naɗa masu duba kifi a kasuwar Billingsgate, su ƙwace wanda bai dace da ci ba. Su ma ido da hanci ne jarinsu. Da zamani ya kawo algus na sinadarai, sai da wani likita, Arthur Hassall, ya riƙa sayo abinci a kantuna yana dubawa da madubin likita, mujallar Lancet na buga sakamakon har da sunayen masu kantunan, daga 1851. Majalisa ta yi doka a 1860, amma ta bar wa ƙananan hukumomi zaɓi: in sun ga dama su ɗauki mai awo. Galibinsu ba su ga dama ba, dokar ta zama hoto. Sai da aka sake ta a 1872 da 1875, aka ba sufeto ikon sayen samfur ya kai ɗakin awo, sannan ta fara cizo. Akwai wani tanadi a dokar 1875 da nake so ka riƙe: in sufeto ya sayi samfur, sai ya raba shi uku a gaban mai kaya, ya ba shi kashi ɗaya, ya kai ɗaya wurin mai awo, ya ajiye ɗaya saboda gardama a kotu. Ba zalunci, ba ƙage, ba "ai ba kayana ba ne".

Amurka ta yi tata dokar a 1906. Can ma abincin ruwa ya ba su wahala. Masu sayar da kawa, wata dabbar ruwa mai ɓawo biyu da suke ci ɗanya, sukan jiƙa ta a ruwan bakin kogi don ta kumbura ta cika mudu, ruwan kuwa sau da yawa na kwatamin gari ne. A sanyin 1924 zuwa 1925 taifot daga kawa ya kama mutum kimanin 1,500 a New York da Chicago da Washington, kimanin 150 suka mutu. Dabarar dokar tasu ita ce ana iya kai ƙarar kayan da kansu. Gwamnati ta kama gwangwanayen kifin da ya ruɓe a duk inda ta same su, ta gurfanar da su, in mai su yana da ja ya zo ya kare su, in bai zo ba a lalata. Kowane hukunci kuma sai an buga shi a takarda da sunan kamfanin. Asarar kaya da zubewar suna su suka fi tara tsorata 'yan kasuwa.

Kada ka ce duk wannan na Turawa ne. Mu ma da namu, kuma ya riga nasu. Kowane ɗalibin makarantar zaure ya san labarin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Bai tsaya ga abin da ido ya nuna masa ba, hannu ya sa. Littattafan hisba na da, irin na Shaizari a ƙarni na 12, sun ware babi guda a kan masu suyar kifi: wanke kasko, tsaftar mai, da hana cakuɗa kifin jiya da na yau. Malam Abdullahi na Gwandu shi ma ya yi rubutu a kan aikin muhtasibi. Duba kasuwa tsohon aiki ne a addini kafin ya zama aikin kaki, kuma zan so in ji limaman Juma'a na garin nan sun ɗauki maganar kwalin kifi kamar yadda suke ɗaukar ta tauye mudu.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ka bar yarinya mai talla da tire. Ba ita ta fesa ba, ba ta ma san an fesa ba, kuma in ka kifar mata da kaya ka bar jaki kana dukan taiki. Ka je inda mota ke sauke kaya, da sassafe, kafin a kwance igiya. A nan kwali ke da mai shi, dillali ya san falke, falke ya san daga wane bakin ruwa ya ɗauko. Ka ɗauki samfur ka raba uku. Garin nan yana da Jami'ar Jihar Adamawa, yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duka biyun da malaman sinadarai da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Abin da ya fi ƙarfinsu a tura ɗakunan awo na NAFDAC. Wanda aka samu da guba a ƙona shi a fili, shugaban 'yan kifi da sarkin kasuwa na tsaye, a faɗa a rediyo da Hausa da Fulatanci. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda kayansa suka fita lafiya shi ma a faɗi sunansa, don ya ci ribar gaskiyarsa, don a halin yanzu mai gaskiya ne ke asara.

Sannan ka zo wa falke da abin da zai maye gurbin kwalbar, in ba haka ba ranar da ka juya baya zai koma mata. Kifin da aka jiƙa a ruwan gishiri kafin a sa shi a hayaƙi ya fi jure ƙwaro. Wanda ya bushe ƙayau ya fi wanda aka cire da sauran danshi don ya yi nauyi a sikeli. Wanda ya daɗe a ajiya ana iya mayar da shi kan wuta ya sake shan hayaƙi, zafin ya kashe ƙwan da ke ciki. Cibiyar binciken adana amfanin gona da ke Ilori ta ƙera murhun banda na zamani, Gana kuma tun wajen 1969 take amfani da murhun Chorkor mai hawa-hawa da ba ya cin itace da yawa. Masu wake sun samu buhun PICS mai hana iska shiga, da yawansu sun daina zuba magani. Ko murhu ɗaya aka gina a gefen 'yan kifi, na haɗin gwiwa, kowa ya biya kaɗan ya gasa kayansa da suka fara ƙwaro, an rage kwalabe masu yawa.

Na san za ka ce ba mota, ba mai, ba ma'aikata, waɗanda suka tsufa sun tafi ba a ɗauki wasu ba. Gaskiya ne, kuma majalisar da aka kafa a 2002 don yi wa ma'aikatanka rajista ta sha kokawa a kan ƙarancinsu a ƙasa baki ɗaya. Amma wani abu yana hannunka ko ba a ba ka sisi ba. A garuruwa da yawa mutane sun daina bambanta duba-gari da mai yankar rasit, don duk lokacin da suka gan shi kuɗi ya zo karɓa. In ka shiga 'yan kifi da littafin rasit a hannu, za a biya ka a ci gaba da fesawa, har a sa kuɗinka cikin lissafin kwali kamar na shingen hanya. Ka bar littafin a ofis ranar da za ka zo duba kifi.

Damina na tafe, lokacin da danshi ke hana banda bushewa, ƙwaro ya yi yawa, kwalba ta fi fita. In za a fara, kafin ruwa ya zauna ya kamata a fara. Ka sa shugaban ƙaramar hukuma ya kira zama da shugabannin 'yan kifi da masu sayar da maganin gona, a sanar da fadar Mai Martaba Sarkin Mubi, a ba kowa wa'adin wata guda ya fitar da abin da ke ɗakin ajiyarsa, daga nan a fara ɗaukar samfur. Mu mutanen Yelwa za mu nuna maka inda ake saukewa.

Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙo.

Wassalam.

Naka,
Wani mazaunin Yelwa, Mubi.